Kwanson harsashi a gonar Burmi

Yau a Burmi, kusa da Bajoga, wani dattijo ya ga ina ta sunkuye-sunkuye a gefen kunya, ya ce, "Ɗana, irin wannan kake nema?" Ya zaro kwanson harsashi daga aljihu, ya yi kore saboda daɗewa a ƙasa, bakinsa a lanƙwashe. Wai fartanya ce ta tono shi bara. Na ce, "Baba, nuna mini daidai inda ya fito." Don a wannan sha'awa tamu ta neman kayan tarihi, abin da ba a san wurinsa ba ƙarfe ne kawai. Na ɗauki hoto, na auna tsawonsa, na sa alamar wurin a taswirar waya, na mayar masa da kayansa.

A nan ne dakarun Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru ranar 27 ga Yuli, 1903, bayan ya baro Sakkwato da niyyar hijira gabas. Shi ma Manjo Marsh da ya jagorance su kibiya ta kashe shi ran nan. Amma tsinin kibiya baƙin ƙarfe ne, tsatsa kan cinye shi, tagullar harsashi kuwa sai ta yi shekara ɗari tana nan. Abin da ya fi tsaya mini a rai, Turawan 'yan kaɗan ne, yawancin masu riƙe da bindigogin baƙar fata ne, da Hausawa da yawa a cikinsu. In dai kwanson nan na ranar ne, mai yiwuwa wanda ya harba shi da wanda aka harba harshe ɗaya suke ji.