Ruwa ya fi tuwo sarƙe tsoho

Jama'a duk mai tsoho a gida don Allah ya riƙa lura da yadda yake haɗiya, ba wai ko ya cinye kwano ba kawai. Ni ke kula da Innarmu nan unguwar Mabera a Sakkwato tunda hawan jini ya taɓa mata ɓarin jiki, kuma wallahi abinda ya hi bamu aiki ba tafiya bace ba wanka ba, cin abinci ne.

Kowa ya zo gaisuwa sai yace a bata ruwa ruwa, a dama koko a tsinka shi sosai wai shi ne mai sauƙin wucewa. To mu dai akasin haka munka gani. Kurɓi guda na ruwa sai tari, ido yayi ja, hawaye, in tayi magana kaji muryar tana ƙarar ruwa a maƙoshi, amma tuwon shinkafa mai laushi da miyar kuɓewa sai ya wuce lahiya lau. Da munka koma asibitin koyarwa na Danfodiyo ganin likita na tambaye shi, yace hanyar abinci da ta iska maƙwabta ne a wuya, akwai ɗan murfi da ke rufe ta iska duk sanda mutum zai haɗiya, to tsufa da shanyewar jiki suna sa rufewar tayi nawa, shi kuwa ruwa gudu gare shi baya jira, sai ya zarce huhu. Daga nan limoniya ke kama tsofaffi da yawa. Abinda ya tada min hankali shine da yace wani ma ko tarin baya yi, abin na shiga shiru.

Sai munka koma kunu mai kauri wanda ke kama cokali. Hura kuma a dama ta sosai a tace, don gaya a cikin nono tsararo shi ne mafi muni, ruwan ya riga ya wuce gudajin na baki. Dambu, ƙuli, gyaɗa, kilishi duk mun ɗauke, dama turamenta sun zube tauna sai da dasashi.

Zama ma babban abu ne. Tsofaffinmu akwai son kishingiɗa bisa tabarma ana basu a baki, a'a. Sai na tada ta zaune sosai na tokare bayanta da matashi, haɓa ta ɗan yi ƙasa, ƙaramin cokali, kuma bana ƙara wani sai naga maƙogwaron ya motsa. Rediyo a kashe, jikoki waje, don in tana ci ana janta da hira nan take zata ƙware. In an gama nace "Inna buɗe baki in gani", sau da yawa sai na tarar da tuwo maƙale a kuncin ɓangaren da ya shanye bata ma san yana nan ba. A wanke baki tas, sannan babu kwanciya sai bayan kamar minti 30.

Ga kuma bushewar baki. Zafin Sakkwato kun san shi, watan Afrilu yana wuce digiri 40, ga maganin hawan jini mai sa fitsari, piriton ma na busar da yawu, in babu yawu kuwa loma bata tahiya. Ƙwayar magani kuma kar a daka sai an tambayi likita ko mai famasi, akwai waɗanda ba'a dakawa. In kuka ga zazzaɓi da tari bayan cin abinci ko rama ta fara, asibiti kawai, ba kemis ba.

Goro ne har yau bamu daidaita ba. Na hana, tace ai tun kan a haihe ni take cinsa, ƙanena kuma in ya zo sai ya goga mata a ɓoye, sai dai in ga ja a bakinta.