Ranar da Na Shiga Kogin Lena

Ni haifaffen Yauri ne, tun ina yaro nake shiga kwalekwale a Kogin Kwara. Shi ya sa da abokin karatuna a Yakutsk, wani birni da ke bakin Kogin Lena a yankin Siberiya na ƙasar Rasha, ya ce mu je ƙauyensu ta ruwa a ƙarshen watan Mayu, ko a jikina.

Sai da muka yi kwana tara muna jira. Da hunturu Lena daskarewa yake, kogin kansa ne titi, manyan motoci ke bi ta kan ƙanƙara. Da ta fara ruɓewa sai a rufe hanyar, mota ba ta bi, jirgi ma ba ya bi. Lena daga kudu yake gangarowa arewa, tafiyar kusan kilomita 4,400. Kudu ke fara ɗumi, ƙanƙarar can ta tsage ta taso, ta tarar da ta gaba ba ta motsa ba, ta hau kanta ta toshe kogin. Haka aka yi a 2001 ruwa ya ci garin Lensk, sai da jiragen yaƙi suka yi wa toshewar luguden bama-bamai.

Kawun abokina, wanda nake kira Baba, shi ne ya ɗauke mu daga garin Pokrovsk a ƙaramin jirgin gorar ruwa mai inji. Kafin mu tashi ya ajiye 'yan wainar fulawa a bakin ruwa, al'adarsu ta ƙabilar Sakha ke nan. Ni kuwa na karanta addu'ata.

Gaɓa biyun cike da tulin ƙanƙara, wata ta fi tsayin mutum, ta yi baƙi da laka. Amma ba ita Baba yake kallo ba. Idonsa na kan guntayen ƙanƙarar da suka nutse, ɗan kansu kawai ke leƙowa, da gungumen itacen da ambaliya ta kwaso. Ya kashe inji, ya ture da sanda, ya sake tayarwa. Can wata ƙanƙara ta gogi cikin jirgin, ƙarar ta shiga har haƙorana.

Na ce a faɗa wa Baba na iya ninƙaya. Da aka fassara masa ya yi dariya, ya kama hannuna ya tsoma a ruwan. Ban kai ƙirga goma ba na fizge.

Mun isa wajen ƙarfe goma na dare, gari da sauran haske kamar bayan la'asar sakaliya. Mutane tsaye a gaɓa, ba mu suke jira ba, buhunan fulawa da sukari da ke ƙarƙashin ƙafafuna suke jira. Wata tsohuwa ta miƙo mini shayi da madara, na kasa riƙe kofin.