Katin SD mai taurin kai

Jiya sai da dare ya raba ina fama da wani Arduino, ƙaramin allon kwamfuta, da na haɗa wa katin SD da BME280 mai auna zafi, duk a layin SPI ɗaya, wato wayoyin da na'urori ke musayar bayanai ta cikinsu. Wayoyi uku suke rabawa: ta agogo mai daidaita tafiyar bayanai, MOSI mai kai musu saƙo da MISO mai dawo da amsa, amma kowanne da tasa wayar CS ta zaɓen wanda za a yi wa magana. Direba, wato manhajar da ke sarrafa na'urar, ya ja wutar CS ƙasa, na'urar ta san da ita ake. Ya ɗaga ta, ta kama bakinta. Kamar malami a aji, sai wanda ya nuna ke magana.

Katin SD kuwa ko an ɗaga CS ɗinsa ba ya sakin MISO nan take, sai an ƙara masa bugun agogo. Shi ya sa direbansa ke aika 0xFF, ɗan saƙo guda na banza, bayan kowace hira. Ga shi wajen tashi ba ya son gudun agogon da ya wuce 400 kHz. Sarauta ke nan!

A kwamfuta mai aiki da Linux kuwa, kernel ne, wato zuciyar tsarin, ke jera saƙonni, yana riƙe CS har saƙo ya ƙare. SPI0, layin SPI na farko na ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi, wayoyin CS biyu kawai gare shi, CE0 da CE1; na'ura ta uku sai ka aro mata wani GPIO, wato fil na gama-gari a allon, ka rubuta shi a cs-gpios, jerin wayoyin CS da kernel ke karantawa.