Ban ruwan ayaba a tsakiyar bazara

Yauri, ranar Talata.

Ina idar da sallar asuba na nufi lambu, don a watan Afrilu wanda ya bari rana ta take shi ya jiyo. Ɗan ƙanwata ya riga ni isa, har ya kama igiyar inji zai tayar. Na ce ya dakata.

"Kawu, jiya da azahar ganyen duk sun naɗe fa. Ƙishi suke ji."

Naɗewar tsakar rana ba ta tayar mini da hankali, haka ayaba ke kare kanta daga zafi. Ganyen da ya wayi gari a naɗe shi ne abin tsoro. Na sa shi ya tona ƙasa zurfin yatsa, ya dunƙula. A layin da ke gangaren fadama laka ta manne masa a tafi, da sauran sanyinta. Can sama wajen jigawa kuwa ta watse kamar garin tuwo. Na sama kaɗai muka ba ruwa, na ƙasa sai jibi mu sake dubawa.

Saiwar ayaba ba ta nutsawa sosai, yawancinta ba ta wuce kamu ɗaya ba, gefe take bazuwa. Shi ya sa nake sakin ruwa a hankali cikin kwarin da muka zagaye kowace da shi, ba a jikin gindin ba. Tana son danshi kullum, amma ruwa ya kwanta mata saiwa ta ruɓe, ganye ya yi rawaya, mai lambu ya zaci ƙishi ne ya ƙara tuttula mata. Maƙwabcina ke nan. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ya koma famfon sola, kuma da yake rana ba ta karɓar kuɗi, yini yake yi yana malale gonar. Na yi masa magana, ya yi dariya.

Waɗanda suka fitar da nono mun fi ba su, domin in suka sha ƙishi yanzu 'ya'yan sirara za su fito. Kafin hantsi muka lulluɓe gindinsu da busasshen ganye da buntun shinkafa. Buntun ya ƙare a layi na biyu, gobe sai yaron ya tura baro wajen masu casa.