Motar albasar da ke tafasa a hawan dutse

Da Maris ya kama a Garwa ta arewacin Kamaru, rabin motocin da ke shigowa garejina ciwonsu ɗaya ne, zafi. Rana ta haura digiri 40, tsofaffin injinan da suka lallaɓa suka wuce hunturu sai su fara tona asirin kansu. Rumfar kwano ce gare ni, da rami ɗaya da yara huɗu, kuma yawancin abincinmu daga Toyota Hiace na haya da tsofaffin Peugeot 504 yake fitowa.

Kusan kowa da maganarsa a baki yake zuwa: "Malam, jowan ce ta ƙone." Jowan ita ce abin da 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da gangar jikinsa, mu nan bakinmu ya fi kama Faransanci. Ni kuwa kafin in taɓa ƙarfe, direba nake ja gefe in tambaye shi yaushe allurar da ke nuna zafin injin take hawa. Idan a cunkoson kasuwa ne, amma da an hau titi ta sauka, iska ce ba ta ratsa ladiyeta, sai a duba fanka da bel da dattin gaba. A nan ƙasar auduga ce, zarenta da ƙurar hunturu sukan manne a haƙoran ladiyeta kamar an lulluɓa mata bargo. Idan kuwa cikin gari lafiya lau, sai an yi lodi an miƙa hanya take tashi, to ruwan ne ba ya zagayawa yadda ya kamata.

Bara wani Alhaji mai fataucin albasa ya kawo mini akori-kurarsa 504, haɗin Kaduna. Yana kai kaya Ngaundere, inda layin dogo ya tsaya. Duk tsawon shimfiɗar Binuwai ba ta cewa uffan, amma da an wuce Mbe an fara hawan dutsen nan da muke kira falez, sai tururi. Wurin ba wasa ba ne: Garwa tana wajen mita 200 sama da teku, Ngaundere ta haura 1,000, kuma da ƙaramar giya ake hawa, injin na ihu, iskar da ke bugun gaba kaɗan ce.

An riga an kai ta hannu biyu kafin ni. Na farko ya cire kalosta, wato tamostat, ya jefar. Na biyu ya buɗe kan injin ya canza jowan. Kuɗi sun tafi, zafi yana nan.

Wannan cire kalosta ɗabi'a ce da ta zame mana gado, ana cewa wai don ƙasar Turawa mai sanyi aka yi shi. Aikinsa shi ne ya tsare ruwa har injin ya ɗumama, sannan ya buɗe a wajen digiri 82 zuwa 88. In ya maƙale a rufe, ƙwarai zai sa mota ta tafasa, kuma gane hakan ba wuya: jefa shi a tukunyar ruwan zafi ka ga ko zai buɗe baki. Amma mai lafiya in ka cire shi, ba ka ƙara wa ladiyeta ƙarfin sanyaya ko kaɗan ba. Abin da ka samu kawai shi ne injin da ke yini bai ɗumama ba a sanyin Janairu, yana shan mai yana cin kansa.

Na fara da jowan don hankalin Alhaji ya kwanta. Injin na sanyi na buɗe murfin ladiyeta, aka tayar, na zuba ido ko kumfa za ta riƙa tasowa. Babu. Baƙin mai bai koma kamar shayi da madara ba, salansa ba ta fitar da farin hayaƙi. Fanka ma na duba, don ta 504 tana da maganaɗisu da ke kama ta in zafi ya kai, kuma ɗan gawayin da ke ba shi wuta yakan cinye. Tata an riga an ɗaure ta, tana juyawa kullum.

Sai murfin. Robarsa ta tsage, sifirin ya saki, da yatsa ɗaya na danne shi. Mutane suna raina wannan abu don ya fi komai araha. Ruwa a fili yana tafasa a digiri 100, a tudun Ngaundere ma tun wajen 96. Murfi mai kyau yana matse shi da ƙarfin kusan "bar" ɗaya a ma'aunin matsi, sai ya jure har kusan 120 bai tafasa ba. Kun ga motar Alhaji tana isa inda ta fi wahala daidai lokacin da ruwanta ya fi saurin tafasa.

Duk da haka raina bai ba ni murfi kaɗai ne ba. Muka bar injin ya yi zafi, aka kashe, na bi fuskar ladiyeta da tafin hannu. Gefe-gefe ba ya taɓuwa, tsakiya kuwa faɗin hannu biyu sanyi ƙalau. Ruwa ba ya bi ta nan ke nan. Na aika ta wurin mai walda ya ɗaga tankin sama, kusan rabin bututun a toshe suke da farin ɓawo irin wanda ke kama cikin butar shayi, ga laka mai launin tsatsa. Aikin ruwan rijiya ne na shekaru. Amma akwai wani abu mai yauƙi da ban gane ba.

Da Alhaji ya tafi masallaci na ce wa direban, "Ɗana, me ka zuba a ciki?" Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce wata rana ta fara yoyo a daji, wani direba ya ce ya fasa ƙwai biyu ya haɗa da garin taba. Yoyon ya tsaya kuwa. Ban ga laifinsa sosai ba, dare ne kuma kayan mutane ne a bayansa, kuskurensa shi ne da ya dawo ya yi shiru.

Aka tsefe bututun ɗaya bayan ɗaya da siririn ƙarfe, muka wanke cikin injin har ruwa ya fito garau. Na cire famfon ruwa na duba fukafukansa, tsatsa ta ɗan ci su amma da saura. Na sa sabon murfi da sabon kalosta, wanda sai da muka yi musu da Alhaji kafin ya yarda. Direban kuma na nuna masa tabon da ke hannuna na dama, na ranar da na buɗe murfi da zafi ina yaron gareji, na ja masa kunne kada ya sheƙa ruwan sanyi a injin da ya tafasa, don kan 504 na alminiyam ne, nan da nan yake lanƙwashewa.

Ruwan magani mai kala da ake sayarwa a galan, wanda ke hana tsatsa, Alhaji ya ce ba zai sayi ruwa da kuɗi ba ga Binuwai a gari. Muka shirya a kan na sama: in damina ta sauka a tara a jarka, kafin nan na ba su wanda ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗakin maƙwabcina. Kwana uku bayan haka direban ya kira ni daga tashar jirgin ƙasa, ya ce allura ta ɗan wuce tsakiya a kwanar ƙarshe ta falez, da suka kai tudu ta koma wurinta. Zancen ƙwai kuwa har yau Alhaji bai ji ba.