Talata, ranar bayofsi

Tun la'asar na dawo gida, amma aiki na uku ya ƙi fita daga raina. Bayofsi muka yi yau, wato ciro ɗan nama da allura don gwaji, muna bin allurar a allon na'urar hoto mai aiki da sauti (ultrasound).

Da safe komai lafiya lau. Masu maƙoƙo biyu, allura siririya, lamba 25. Abu kusa da fata, allura kwance, ana ganinta a allo tun daga gindi har tsini. Sista ta kawo ƙosai da zafinsa.

Sai na ukun. Dattijo mai jiki, hanta ta tara kitse, ga ƙari a cikinta can ƙasa wajen santimita 9. Ƙaramin Dakta ke riƙe da allura, lamba 18. Ya soka dab da jikin furob, wato kan na'urar da ake ɗorawa a fata, ta nutsa kusan a tsaye. Allo bai nuna komai ba sai wani farin ɗigo. Na ga hannunsa yana ci gaba da turawa.

"Dakta, dakata. Ina tsinin?"

"Ga shi nan, Yallaɓai."

"Ka tabbata tsini ne, ba jikinta ba?"

Ya yi shiru, hannunsa ya tsaya.

Abin da ya tayar mini da hankali ke nan. Sautin da furob ke aikawa shimfiɗa ce siririya. Idan allura ta ratsa ta a karkace, daidai wurin da ta ratsa kawai ake gani, tsinin kuwa yana iya yin gaba inda ido bai kai ba. Ga bindigar bayofsi, wato abin da ke harba allurar ta yanko nama, da an danna ta sai ta ƙara cilla allura wajen santimita 2. A cikin hanta, wannan tazarar ta isa ta kai mutum kan jijiyar jini ko jakar matsarmama.

Muka zare ta, muka sake lale. Na ce masa ya ɗauki jikin allura kamar madubi. In tana kwance, sauti ya bugi ƙarfen ya komo wa furob, sai ta fito fara fes. Da zarar ta miƙe ta haura digiri 45, sautin gefe yake tafiya. Don haka muka ja wurin suka baya da santimita 3 daga gefen furob, gwargwadon yadda haƙarƙari ya bari. Dakta ya danna bakin furob na nesa cikin jiki domin fuskarsa ta yi daidai da kwanciyar allura. Muka sauko da fokas, wato inda hoto ya fi fita sarai, daidai zurfin ƙarin, muka rage zurfin hoto, muka ɗan rage haske, don hanta mai kitse ita ma fara ce, tana haɗiye allura. Yankakken bakin allurar ya kalli furob. Muka kunna Dopla, mai nuna gudun jini, muka duba hanya. Baba ya riƙe numfashi.

Allurar ta sake ɓace wa Dakta a tsakiya. Wannan karon bai tura ba. Ya sauke ido daga allo ya dubi hannuwansa, ya ga furob ya ɗan murguɗe. Ya tsayar da allura cak, ya goga furob a hankali har ya same ta, ya ɗan motsa ta gaba da baya, naman da ke bakinta ya amsa. Tsoka biyu masu kyau muka samu. Alhamdulillahi, Baba ya kwanta a gefen damansa, awon jini bai sauka ba har na tashi.

Wani abu da na lura da shi tun farko: Dakta bai fitar da iska duka daga sirinjin lidoken, maganin kashe zafi, ba. Kumfa kaɗan a ƙarƙashin fata tana dusashe duk abin da ke ƙasanta. Na faɗa masa a waje, ba a gaban mara lafiya ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne, yaron nan mai himma ne, amma a jikin mutum yake koyon abin da ya kamata hannunsa ya saba da shi tun a tebur. Allurai masu kaushin baki da ke ƙyalli a allo ba kullum muke da su ba.

Na ba Sista kuɗin ɗanyen awara, babban curi, da 'ya'yan zaitun da za mu cusa a ciki a matsayin ƙari, don gwajin suka. Ranar Alhamis bayan azahar Ƙaramin Dakta zai tsaya a kai, suka ashirin, kowace sai ya nuna mini tsini kafin ya ƙara ko da milimita ɗaya.