Gigin tsufa cuta ce: kurakuran da na tafka a jinyar mahaifina

Ƙannena da 'ya'yana, a garuruwanmu na ƙasar Ringim da Gumel da kewaye, idan dattijo ya fara maimaita tambaya ɗaya har a gaji da ba shi amsa, ko ya fito daga masallaci ya nufi unguwar da ba tasa ba, abin da ake cewa shi ne gigin tsufa ne, sai haƙuri. Haƙurin wajibi ne, amma maganar tana da gyara, domin ba kowane tsoho ne yake ruɗewa ba. Kowannenmu ya san dattijo mai shekara 90 da yake zayyana iyakokin gonaki tun na zamanin En'e ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Ruɗewar nan cuta ce da take cin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, kuma takan soma ɓarna shekara 10 zuwa 20 kafin a ga alamarta a fili. Na yi jinyar mahaifina, Allah ya jiƙansa, ban san haka ba, shi ya sa nake so ku ji inda na kauce.

A cikin ƙwaƙwalwar ɗan Adam akwai ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86, kowace tana haɗe da dubban 'yan uwanta, kuma ta waɗannan mahaɗai ne tunani da magana da tuna abin da ya wuce suke gudana. Mafi yawansu idan sun mutu ba a samun madadinsu. A shekarar 1906 wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, ya bincika ƙwaƙwalwar wata mata da ta rasu bayan ta ruɗe tun tana da shekara 50 da 'yan kai, sai ya tarar da dunƙulen dauɗa a tsakanin ƙwayoyin, da wasu zaruruwa a cukurkuɗe a cikinsu. Su ne a yau ake kira amiloyid da tawu, cutar kuma aka sa mata sunansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum fiye da miliyan 55 ne suke fama da ruɗewa a duniya, kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari wannan nau'in ne, kuma fiye da rabinsu suna ƙasashe marasa ƙarfi irin namu. Nau'in da yake bi masa shi ne wanda lalacewar hanyoyin jini take haddasawa.

Abin da bincike ya ƙara fitowa da shi daga baya shi ne batun kumburi. Ƙwaƙwalwa tana da nata ƙwayoyin garkuwa, ana ce musu maikurogiliya, waɗanda aikinsu shi ne kwashe dauɗa da matattun ƙwayoyi, da tsinke mahaɗan da ba a amfani da su. Idan sun ga ɓarna sukan taso, su saki sinadarai masu zafi, su gyara wurin, sannan su lafa. To amma da shekaru suka ja, kuma dauɗar nan ta ƙi ƙarewa, sai su daina lafawa. Su yi ta sakin sinadaran shekara da shekaru, ƙarfin shararsu ya ragu, har su koma cin mahaɗai masu lafiya. Kamar wutar sharar gona ce kafin damina: idan ta ci karan da aka tara ta mutu, ta yi amfani, idan kuwa aka bar ta tana ci a ƙarƙashin toka, wata rana rumbu za ta kama. Babu zazzaɓi, babu ciwon kai, babu abin da ido zai gani. Ɓarnar takan fara ne daga sashen da yake ajiye sabon abu, shi ya sa mahaifina yake iya kawo labarin fataucin da ya yi yana saurayi daki-daki, amma ya rantse ba a ba shi kokon safe ba alhali ƙwaryar tana gabansa. A 2013 an gano cewa wani sauyi a ƙwayar gado mai suna TREM2, wadda take aiki a cikin waɗannan ƙwayoyin garkuwa, yana ninka haɗarin kamuwa da cutar, kuma wannan ya ƙarfafa hujjar cewa kumburin yana cikin masu tura ta gaba. Masana na ci gaba da muhawara a kan wane ne yake fara tayar da wani, dauɗar ko kumburin.

Kuskurena mafi girma ya faru tun kafin ruɗewar ta bayyana. Mahaifina yana da shekara 50 da wani abu aka ce yana da hawan jini, aka ɗora shi a kan magani. Da ya ji sauƙi ya ce shi ba zai zama bawan ƙwaya ba, ni kuma da nake sayowa na ji daɗin sauƙin aljihu, na bi shi a kan haka. Hawan jini ba ya sallama. Yana taurara ƙananan hanyoyin jinin da suke ciyar da ƙwaƙwalwa, wasu su toshe ba a sani ba, shingen da yake tace abin da jini yake kai mata ya yi rauni, kumburin ya sami abin ci. Mu shanyewar ɓarin jiki kawai muke tsoro, ba mu san ana iya tsallake ta a faɗa wannan ba.

Akwai wani bincike da ya kamata ku sani, domin a ƙasarmu aka yi rabinsa. Daga 1992 masana na Jami'ar Ibadan da ta Indiyana suka riƙa bibiyar tsofaffin Yarabawa a Ibadan da tsofaffin baƙaƙen fata a birnin Indiyanafolis na Amurka, da ma'auni iri ɗaya. Sakamakon da suka fitar a 2001 ya nuna cewa masu ruɗewa a kowace shekara a Ibadan ba su kai rabin na can ba, kuma cikin dalilan da aka kawo har da ƙarancin cututtukan hanyoyin jini a wajen mutanen Ibadan. A ganina wannan gargaɗi ne gare ku fiye da albishir, domin kun bar tafiyar ƙasa kun hau babur, lemon kwalba ya kori kunun zaƙi da fura, miya kuma ba ta shiga sai an zabga mata gishiri da dunƙule. A 2024 kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 da, in an magance su, za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin ɗari na ruɗewa. A ciki akwai hawan jini, ciwon suga, taba, ƙiba, rashin motsa jiki, buguwar kai, gurɓatacciyar iska, ƙarancin karatu, raunin ji da na gani, da kaɗaici. Mai yin acaba babu hular kwano, da uwar da take wuni a ɗakin girki cikin hayaƙin icce, su duba wannan lissafi da kyau.

Da alamun suka fara, sai na ɗauke su rigima. Ni ne ɗan farinsa, tun da na yi wayo ban taɓa jin ya ambaci sunana ba, sai dai ya ce "kai wannan". Ran nan a zaure, gaban baƙi, ya kira ni da sunan yanka gatsal, ya ce in fito masa da kuɗin ragon da aka sayar a kasuwar Maigatari. Kuɗin nan shi ya karɓa da hannunsa, ya cusa a cikin matashi. Maimakon in lura cewa mutumin da ya riƙe alkunya shekara da shekaru bai sake ta haka kawai ba, sai zuciya ta ɗebe ni, na kira shaidu, na zazzage matashin a gaban jama'a, na ce, "Baba, ga su nan, yanzu wa ya ci?" Ya dubi kuɗin, ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa. Kafin la'asar ya manta da zancen rago, amma ya kwana biyu yana ɗari-ɗari da ni, domin ɓacin rai yakan daɗe bayan dalilinsa ya goge. Kada ku yi musu da mai wannan cuta, kada ku yi masa jarrabawar "wane ne ni?". Ku ce, "To Baba, bari mu duba tare," ku ja hankalinsa zuwa wani abu. Idan ya zagi wani ko ya rikita raka'o'in salla, ku tuna malamai sun ce an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe. Idan kuma tsohuwa ce ta fita da dare tana sambatu, ku tsaya mata, kada ku bari a laƙaba mata maita.

Daga nan kunyar idon jama'a ta sa na hana shi fita. Na raba shi da majalisar ƙofar gida, da ɗaurin aure, da zuwa gona, na ce hutu nake ba shi. Ga kunnensa ya yi nauyi, ga yanar ido, ban kai shi an duba ko ɗaya ba, alhali aikin yanar ido ba ya ɗaukar awa guda. Ƙwaƙwalwar da ba ta ji, ba ta gani, ba a hira da ita, saurin lalacewa take yi, kuma a damina ɗaya ya koma kamar ba shi ba. Abin da ya dace shi ne a haɗa shi da jika ya raka shi masallaci, a sanar da maƙwabta halin da yake ciki, a ɗinka lambar waya a aljihun rigarsa, a bar masa ɗan aikin da hannunsa ya saba, kamar ɓarar gyaɗa ko tufkar igiya.

Wata wautar kuma ta mai guntun ilimi ce. Da na ji a rediyo ana danganta cutar da kumburi, sai na nufi kemis na sayo ƙwayoyin ciwon jiki masu rage kumburi, na riƙa ba shi kullum. Ba su taɓa ruɗewar ba, sai gyambon ciki da suka jawo masa har bayan gidansa ya yi baƙi. An gwada irin waɗannan magunguna a manyan gwaje-gwaje a Amurka, ba su hana cutar ba, kuma suna illa ga ciki da ƙodar tsofaffi. Har yau babu maganin da yake warkar da ita. Sababbin alluran da aka amince da su a Amurka tun daga 2023 rage mata gudu kawai suke yi kaɗan, ga tsada. Duk wanda ya ce muku yana da garin da zai wanke ƙwaƙwalwa, kuɗinku yake so. Addu'a da tofi ba su hana zuwa asibiti ba.

Zuwa asibitin yana da amfani ko da babu waraka, domin akwai abubuwan da suke kama da wannan cuta alhali ana maganinsu: ƙarancin sinadarin B12, raunin aikin ƙullun tayirod da yake a wuya, ciwon damuwa, da taruwar jini a cikin ƙoƙon kai bayan faɗuwa. A fara da asibitin da yake kusa, su tura ku gaba, ko Dutse, ko Birnin Kudu, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Wanda yake kwana da tashi da majinyacin shi zai raka shi, a tafi da duk magungunan da yake sha a leda. Sannan ku rarrabe lalacewa ta sannu a hankali da rikicewa ta farat ɗaya. Idan tsohon da jiya ya ci tuwo ya yi hira ya wayi gari bai san inda yake ba, ko yana ta barci, ko yana fizge-fizge, galibi wata cuta ce ta shiga jikinsa, kamar ciwon fitsari, ko na huhu, ko zazzaɓin cizon sauro, ko ƙishirwa a lokacin bazara. Irin wannan kumburi na jiki yana ƙara tunzura na ƙwaƙwalwa, kuma sau da yawa majinyaci ba ya komawa daidai inda yake kafin ta same shi. Ni na jira a ga abin da hali zai yi. Ku nemi mota a ranar.